Wayar Yaya, Bakin Ƙane: Yadda Wayar Salula Za Ta Taimaki Ɗan Firamare Ya Iya Magana da Sauraro

A watan Maris na 2022 kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa ana aika saƙon murya kusan biliyan 7 a kullum ta manhajarsa. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan unguwa ya san Hausawa suna da kaso mai tsoka a wannan lissafi. Mutane da yawa sun fi son su danna alamar makirufo su zuba bayani, maimakon su tsaya rubutu.

Sai dai a gidajen da ake wannan zuba, akwai yara 'yan aji biyu ko aji uku na firamare waɗanda idan aka ce su faɗi abin da aka koya musu yau a makaranta, sai su sunkuyar da kai su yi ta wasa da bakin riga. A aji suna iya maimaita abin da malami ya faɗa da ƙarfi, baki ɗaya da sauran yara. Amma a ware yaro ɗaya a tambaye shi dalilin da ya sa abu kaza ya faru, sai a ji shiru. Da yawa daga cikinsu sun ƙware wajen shafa allon waya da neman bidiyo tun kafin su iya haɗa jimla biyar a jere.

Wayar da ke hannun yayan yaron, ko yayarsa, ko kawunsa, tana iya ƙara wannan matsala, tana kuma iya rage ta. Ya danganta da yadda aka yi amfani da ita.

Baki da kunne su ne harsashin karatu

A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka fito da wani bayani mai sauƙi kan yadda yaro ke fahimtar abin da ya karanta. Suka ce abu biyu ake ninkawa: iya haɗa baƙaƙe su zama kalma, da kuma iya fahimtar magana idan an ji ta. Ninkawa suka ce, ba tarawa ba. Kowa kuwa ya san duk lambar da aka ninka da sifili, sifili za ta bayar. Yaron da ya iya furta duk kalmomin da ke shafi amma ba zai gane labarin ba ko da wani ne ya karanta masa, bai iya karatu ba tukuna, sauti kawai yake fitarwa.

Wannan na daga cikin abin da ke ɓoye a alƙaluman Bankin Duniya na 2022, waɗanda suka nuna kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya doshi kashi 90. Shi ya sa shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, irin su Mu Karanta! da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA da aka fara a Katsina da Zamfara, suka ware lokaci na musamman da malami zai karanta wa yara labari da babbar murya, ya tsaya ya yi musu tambayoyi su amsa da baki.

A Ingila ma maganar ta daɗe. Tun 1965 wani malamin jami'a mai suna Andrew Wilkinson ya yi kira da a ɗauki iya magana da sauraro a matsayin darasi mai zaman kansa, kamar karatu da lissafi. Daga baya ƙungiyar Voice 21 tare da masana na Jami'ar Kambirij suka kasa wannan fasaha gida huɗu. Akwai ɓangaren jiki, wato murya da tsayuwa da kallon wanda ake yi wa magana. Akwai ɓangaren harshe, wato zaɓen kalma da gina jimla. Akwai na tunani, wato tsara bayani da kawo hujja. Sai na zamantakewa, wato jiran lokacinka, da sauraron wani, da ƙarfin halin yin magana a gaban jama'a. Duk huɗun koyonsu ake yi, kuma ba a koyonsu sai da yi.

Abin da wata 'yar na'ura ta ƙirga

A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka wallafa sakamakon bibiyar iyalai 42 a Amurka, inda suka ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu, 'ya'yan masu hali kan ji kalmomi kusan miliyan 30 fiye da 'ya'yan talakawa. Wasu masana sun ƙalubalanci wannan adadi daga baya, amma ya sa mutane suka ɗauka cewa abin da ake buƙata shi ne a cika kunnen yaro da kalmomi.

Sai aka ƙera wata 'yar na'ura mai suna LENA. Ana saka ta a aljihun rigar yaro ta wuni tana ɗaukar sauti, sannan manhajar kwamfuta ta ƙirga abu uku: kalmomin da manya suka faɗa kusa da yaron, maganganun da yaron ya yi, da kuma sau nawa aka yi musayar magana, wato babba ya faɗa yaro ya mayar, ko yaro ya faɗa babba ya mayar.

A 2018 Rachel Romeo da abokan aikinta na jami'o'in MIT da Harvard suka yi amfani da wannan na'ura a kan yara 36 masu shekara 4 zuwa 6. Bayan an ɗauki sautin gidajensu, sai aka saka kowane yaro a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana sauraron labari. Yaran da aka fi yin musayar magana da su a gida, su ne sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da harshe ya fi motsawa, kuma su ne suka fi cin gwajin harshe. Yawan musayar ya fi yawan kalmomin da yaro ya ji tasiri, ko gidan masu kuɗi ne ko na talakawa.

Ga mai riƙe da waya, wannan sakamako yana da ma'ana kai tsaye. Bidiyon awa biyu yana iya zuba wa yaro dubban kalmomi, amma adadin musayar maganar da ke cikinsa sifili ne.

Bidiyo ba ya jiran amsa

An gwada wannan tun kafin wayoyin zamani su yaɗu. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta kawo jarirai 'yan wata tara daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi, aka yi musu zama 12 da masu magana da Sinanci. Wani rukunin suka zauna da mutum ido da ido, wani rukunin suka kalli mutanen a talabijin, wani kuma suka saurari sauti kawai. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan Sinanci. Na talabijin da na sauti ba su koyi komai ba, tamkar ba su taɓa jin harshen ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya, Sarah Roseberry da abokan aikinta suka ƙara wani mataki. Suka koya wa yara masu wata 24 zuwa 30 sababbin kalmomi ta hanya uku: ido da ido, ta kiran bidiyo na Skype, da ta bidiyon da aka riga aka ɗauka. Yaran kiran bidiyo sun koya kamar na ido da ido, na bidiyon da aka ɗauka kuwa ba su koya ba. Allo ɗaya ne, fuska ɗaya ce. Bambancin shi ne a kiran bidiyo akwai mai kiran sunan yaro, ya jira shi, ya amsa abin da ya ce.

Gaskiya ne ɗan firamare ya girmi waɗannan yara, kuma yana iya tsintar abubuwa daga bidiyo mai kyau, irin shirin Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya wanda aka yi wa fassarar Hausa. Amma ko a wannan shekarun, kallo yana ƙara masa kalmomi ne, ba ya ba shi damar amfani da su. Sai an samu wanda zai tsayar da bidiyon ya ce masa, “To, kai me kake gani zai faru?” Ga ƙannensa kuwa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni.

Dabarar da rediyo ya riga waya ganowa

A 1974 masana daga Jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a makarantun ƙasar Nikaraguwa. Abin da ya bambanta shirin da sauran shi ne shirun da ke cikinsa. Mai gabatarwa zai yi tambaya, sai ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi yara su amsa da baki, sannan ya faɗi amsar da ke daidai. A darasi ɗaya yara kan amsa sau da yawa ƙwarai. Daga baya aka yi amfani da dabarar wajen koyar da Turanci a Kenya da Afirka ta Kudu. A 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama a arewacin Najeriya sun koma ga rediyo don yara su ci gaba da darasi.

Shirun nan yana da nasa binciken. A farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta saurari ɗaruruwan darussan da aka naɗa a kaset, tana auna lokacin da malami ke jira bayan ya yi tambaya. Ta samu yawanci bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, yaran da ba sa ɗaga hannu suka fara ɗagawa, “ban sani ba” ta ragu.

Bahaushe ya san wannan tun kafin rediyo. Mai tatsuniya ba ta farawa sai yara sun amsa mata cewa ta zo su ji ta. A tsakiyar labarin Gizo da Ƙoƙi akwai waƙar da yara ke karɓa, a ƙarshe kuma wani yaron zai ce saura tasa. Kacici-kacici gaba ɗayansa tambaya ne da jira, wanda ya kasa ya ba da gari. Wannan zama na bayan sallar isha shi ne darasin magana da sauraro da yara da yawa suka rasa tun da kowa ya koma kan allonsa.

Abubuwa biyar da kowace waya za ta iya

Ba sai an sayi sabuwar waya ko an sauke manhaja mai tsada ba. Ko ƙaramar Itel ko Tecno tana da makirufo da kyamara da lasifika.

*Na ɗaya, manhajar ɗaukar murya.* Kusan kowace wayar Android tana zuwa da ita, a iPhone kuma sunanta Voice Memos. A ba yaro minti ɗaya ya ba da labarin abu guda: yadda ake dama koko, ko abin da ya gani a hanyar makaranta. Sai a kunna masa ya ji kansa. Yawancin yara dariya suke yi a karon farko. Bayan dariyar a tambaye shi wane wuri ne mai sauraro ba zai gane ba, sannan ya sake. Ɗauka ta biyu kusan kullum ta fi ta farko tsari, domin shi da kansa ya ji inda ya tsallake. A ajiye fayil ɗin da kwanan wata a sunansa. Bayan wata uku a kunna na farko da na ƙarshe a jere, yaron zai ji bambancin da kunnensa.

*Na biyu, saƙon murya zuwa ga kaka.* Yaro ya fi ƙoƙari idan ya san akwai wanda zai saurare shi da gaske. Ya aika wa kakarsa ko gwaggonsa da ke wani gari tambaya guda, misali yadda ake bikin sallah lokacin tana yarinya. Idan amsa ta zo, ya saurara sau biyu, sannan ya faɗa wa mutanen gida abin da ta ce ba tare da an sake kunnawa ba. A nan ya koyi gaisuwa irin ta manya, da tsara tambaya, da riƙe bayani a ka. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin megabayit ba, ke nan bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba. Abu ɗaya da za a kiyaye: maɓallin ƙara sauri na 1.5 da 2 da manya suka saba dannawa bai dace da mai koyon sauraro ba.

*Na uku, tatsuniya mai giɓi.* Wannan kwaikwayon dabarar rediyo ce. Babba ya naɗi tatsuniya da muryarsa, amma duk bayan jimla biyar ko shida ya jefa tambaya ya yi shiru na daƙiƙa biyar. “Kura ta ga ramin. Za ta shiga ko ba za ta shiga ba? Don me?” Fayil ɗaya zai yi wa yaran gida duka aiki, ana iya tura shi ta Xender ko Bluetooth ba tare da data ba. Ya fi amfani idan babba na zaune kusa yana jin amsoshin, domin fayil ba zai iya ce wa yaro “ƙara bayani” ba.

*Na huɗu, hoto a ɓoye.* Yaro ya ɗauki hoton wani abu a tsakar gida, ya riƙe wayar yadda ɗan'uwansa ba zai gani ba, ya siffanta abin ba tare da ya faɗi sunansa ba. Ɗayan ya zana abin da ya ji a takarda ko a ƙasa. Sai a haɗa zanen da hoton. Idan ba su yi kama ba, su biyun za su gano ko mai bayani ne ya gaza ko mai sauraro. Wasan yana tilasta amfani da kalmomi irin su sama, ƙasa, dama, hagu, tsakanin, mai faɗi, mai tsini, waɗanda su ne darasin lissafi da kimiyya ke buƙata daga baya.

*Na biyar, agogon waya.* A saita shi a minti ɗaya. Yaro na farko ya yi magana, na biyu ba ya katse shi har agogo ya buga. Kafin na biyu ya faɗi nasa ra'ayin, sai ya maimaita abin da na farko ya ce, har na farkon ya yarda an fahimce shi. Batun gardamar ya zama mai sauƙi: damina da rani wanne ya fi daɗi, akuya da kaza wacce ta fi amfani a gida.

Ga matashin da ke koyarwa a firamare, inda aji ɗaya kan haura yara 80, ƙaramar lasifikar Bluetooth mai caji da katin memori sun isa. Sautin magana da aka adana a matsayin MP3 mai kilobit 64 yana cin kusan megabayit 29 a awa, don haka kati mai gigabayit 8 zai ɗauki sama da awa 250. Amma lasifikar rabin aikin ce. Idan malami ya yi tambaya yaro ɗaya ya amsa, sauran 79 sun zauna shiru. Idan kuwa ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi su tattauna na minti ɗaya kafin a ɗaga hannu, yara 80 sun yi magana a cikin minti biyu.

Manhajojin da ke sauraron yaro, da iyakarsu

Akwai manhajojin da aka gina su don su saurari yaro. Fitacciya ita ce Read Along ta Google, wadda ta fara fita a Indiya a 2019 da sunan Bolo, sannan aka sake ta ga ƙasashe sama da 180 a watan Mayu na 2020. Yaro yana karanta labari da babbar murya, wata 'yar tsana mai suna Diya tana saurare, ta gyara masa inda ya yi tuntuɓe, ta ba shi taurari inda ya yi daidai. Bayan an sauke labaran tana aiki ba tare da intanet ba, kuma kamfanin ya ce a cikin wayar ake tantance muryar. Babu Hausa a cikin harsuna tara da ta fito da su, don haka amfaninta a nan ya fi ga Turanci. Kuma abin da take aunawa shi ne furta rubutu. Ba ta tambayar yaro ra'ayinsa.

Ta ɓangaren Hausa an samu ci gaba. A watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15, ciki har da Hausa, a binciken murya da rubutu da murya na Gboard da kuma manhajar Translate. Yaro na iya yin magana ya ga kalmominsa suna fitowa a allo, abin da ke burge yara ƙwarai, yana kuma nuna musu cewa rubutu magana ce da aka ajiye.

Sai dai kada a mai da manhajar alƙali. Dalilan suna cikin yadda aka gina ta. Manhajar gane murya tana koyo ne daga dubban awanni na sautin da aka haɗa da rubutunsa. Whisper da kamfanin OpenAI ya saki a 2022 ta koyi aiki daga awa 680,000, amma kusan kashi biyu bisa uku Turanci ne, rabon Hausa kuwa ɗan kaɗan ne. Sannan yawancin muryoyin na manya ne. Muryar babban namiji tana kaɗawa kusan sau 120 a daƙiƙa, ta ƙaramin yaro ta ninka haka ko fiye, ga shi yana tsayawa a tsakiyar kalma, yana sakewa, wani lokacin ma haƙoransa na gaba sun fita.

Hausa kuma tana da nata sarƙaƙiyar. Karin sauti da tsawon wasali suna canza ma'ana, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Kukan jariri da kukar miya rubutunsu ɗaya. Haka garin Kano da garin tuwo, haka wuyan riga da wuyar aiki. Ga kuma baƙaƙe masu lanƙwasa: ƙafa daban, kafa daban, ɓata daban, bata daban. Yawancin rubutun Hausa da ke intanet ba a saka musu lanƙwasar ba, manhaja kuwa abin da ta gani take koya. Ƙari a kan haka, Basakkwace da Bakano ba furuci ɗaya suke yi ba. Saboda haka idan yaro ya faɗi magana daidai waya ta rubuta wani abu daban, a gaya masa wayar ce ba ta ji ba. Yaron da aka sa ya yi ta maimaitawa har ya ɗauka bakinsa ne ke da matsala, zai daina magana.

Matasa masu son a gyara wannan suna da abin yi. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa kyauta daga masu sa kai: mutum ya karanta jimla ya naɗa, ko ya saurari ta wani ya tabbatar da ita.

Da Hausa ko da Turanci?

Iyaye da yawa sun fi son a yi wa yaro duk wannan da Turanci, domin da shi ake jarrabawa. Gwamnati ma ta yi ta sauya matsaya. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin.

Duk abin da makaranta ta zaɓa, gida yana da nasa hurumin. Tsara labari daga farko zuwa ƙarshe, da kawo dalili, da jiran wani ya gama, yaro yana koyonsu da harshen da ya fi ƙarfi a kai, sannan ya tafi da su cikin kowane harshe. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Hanya mai sauƙi ita ce yaro ya fara ba da labarin da Hausa har ya zauna masa, sannan ya gwada faɗin jimla biyu ko uku daga ciki da Turanci.

A kula da kunnen kansa

Wani yaron ba rashin natsuwa ke damunsa ba, ji ne ba ya yi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 a duniya suna da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce mata. Ciwon kunne mai fitar da ruwa, da ƙyanda, da sanƙarau suna cikin abubuwan da ke jawo ta. Yaron da ke yawan cewa “na'am?”, ko yake juyo da kunne ɗaya, ko ba ya amsawa idan an kira shi ta baya, ko kullum yake ƙure ƙarar waya, asibiti ya kamata a kai shi, ba duka ba. Manyan asibitoci suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Iyafis ma yana da nasa haɗarin. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta ITU suka fitar a 2019 ya ce ga yara kada a wuce desibel 75 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A iPhone ana iya ƙayyade ƙarar a saitin Headphone Safety, wayoyin Android da yawa kuma suna nuna gargaɗi idan aka haura iyaka. Mafi sauƙi shi ne a bar lasifikar waya a buɗe. Hakan ya fi aminci ga kunne, kuma kowa zai ji abin da yaron ke saurare.

Muryar yaro amana ce

Abin da aka naɗa a gida ya tsaya a gida. Bidiyon yaro yana kuskuren Turanci na iya tara dubban masu kallo a TikTok, amma abokan ajinsa ma za su gani, kuma yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya a bainar jama'a yana iya shekara bai sake ɗaga hannu ba. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta wajabta samun izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka malamin da zai naɗi muryar ɗalibansa ya fara neman yardar iyayensu. Kafin a sauke kowace manhajar yara a duba izinin da take nema: manhajar labarai ba ta da hujjar neman lambobin da ke waya ko wurin da mutum yake. Sannan a kunna App pinning a Android ko Guided Access a iPhone, yadda yaro ba zai fita daga manhajar da aka buɗe masa ya faɗa wani wuri ba.

Minti goma sha biyar a wuni

Wanda ke son gwadawa na iya farawa da ɗan ƙaramin tsari. Minti biyar na farko yaro ya saurari labari ko saƙon murya. Minti biyar na biyu ya maimaita da bakinsa, ana naɗa. Minti biyar na ƙarshe a kife wayar a yi hira: tambaya guda mai farawa da “don me” ko “ta yaya”, sai a ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci kafin a sake buɗe baki. Idan ya ba da amsa da kalma ɗaya, a ce masa “sai kuma me ya faru?” Idan ya yi kuskure, a maimaita jimlar yadda take daidai a ci gaba da hira, ba sai an tsaya gyara ba.

A saka wayar a yanayin jirgin sama tsawon wannan lokaci. Saƙo ɗaya ya shigo, idon babba ya koma kan allo, yaron ya riga ya gane ba a sauraronsa, kuma da wuya ya ƙarasa jimlar da ya fara.